ZAMAN JIRAN AMSAR JAMI'A: NASIHA GA ƊALIBAI DA IYAYENSU

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya raba arziki tsakanin bayinSa, Ya kuma yanka wa kowane al'amari lokacinsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, duk wanda yake halartar salloli a masallatanmu na Dogo-Dogo da ƙauyukan da ke kewaye da ita ya san cewa damina takan same mu da jira iri biyu. Manomi yana duban gabas yana jiran hadari, ɗalibin da ya gama lise a Magarya ko Damagaram kuwa yana duban wayar hannunsa. Da farko jiran sakamakon bakaloriya, in an haye wannan kuma sai jiran amsar jami'a ko ta tallafin karatu. Mun ga samari suna hawa tudu da tsakar rana don neman layi mai ƙarfi, suna buɗe akwatin imel sau ashirin a wuni. Mun ga waɗanda liman yana sallamewa hannunsu yana cikin aljihu. Mun kuma san iyayen da suka sayar da awaki a kasuwar Maigatari domin kuɗin takardu da na mota, yau ba su da abin yi sai tambayar yaro safe da yamma: "Shin an aiko?"

Ba mu ɗauki wannan damuwa da wasa ba. A da, wanda ya ci jarrabawa a wannan yanki ba shi da wata jami'ar gwamnati a cikin ƙasa sai ta Yamai, wadda ake kira Jami'ar Abdu Mumuni, tafiyar kusan kilomita 900 daga Damagaram. Jami'ar Musulunci ta Say ta buɗe a shekarar 1986, sannan a 2010 aka kafa jami'o'in Damagaram da Maraɗi da Tawa. Wasu daga cikin ƴaƴanmu suna neman Jami'ar Musulunci ta Madina ko Azhar ta Misira, wasu kuma suna tsallaka iyaka zuwa Kano da Zariya. Ƙofofi sun yawaita, alhamdu lillahi, amma masu ƙwanƙwasawa sun fi su yawa, saboda haka dole wani ya jira, dole kuma wani ya ji amsar da ba ta yi masa daɗi ba. Abin tambaya shi ne: yaya mumini yake zaman jira?

DARASI DAGA KA'ABU ƊAN MALIK

A shekara ta 9 bayan Hijira, Manzon Allah (S.A.W.) ya fita yaƙin Tabuka cikin tsananin zafi, a lokacin da dabino ya nuna. Sahabbai uku na gaskiya suka yi jinkiri har rundunar ta tafi ta dawo ba su bi ta ba: Ka'abu ɗan Malik da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya, Allah Ya yarda da su. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin daga bakin Ka'abu da kansa. Da Annabi ya dawo, mutum tamanin da ɗoriya suka zo da uzurorin ƙarya suna rantsuwa, aka karɓi zahirinsu aka bar wa Allah abin da ke zukatansu. Ka'abu kuwa, duk da yake mutum ne mai fasahar magana, sai ya faɗi gaskiya cewa ba shi da wani uzuri. Aka ce ya tashi ya jira hukuncin Allah, aka kuma hana Musulmi yin magana da su ukun. Haka suka zauna har kwana 50.

Mun sani sarai ɗalibanmu ba laifi suka yi ba, kuma abin da Ka'abu yake jira, wato karɓar tuba, ya fi gurbin karatu girma nesa ba kusa ba. To amma idan wanda yake jiran abin da ya fi girma ya riƙe kansa, mai jiran ƙaramin abu shi ya fi cancanta ya koya daga gare shi. Ga abubuwa huɗu da muke so mu lura da su.

Na farko, gaskiya tun daga tushe. Ka'abu yana iya fita daga wannan ƙunci da jimla ɗaya ta ƙarya, amma ya zaɓi jira a kan gaskiya. Saboda haka ɗalibin da ya gyara maki a takardarsa, ko ya rage shekarun haihuwarsa, ko uban da ya ɗauki kuɗi ya kai wa wani jami'i domin a cire sunan ɗan wani a sa na ɗansa, su sani sun shiga haramun. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya tabbatar da tsinuwa a kan mai ba da rashawa da mai karɓarta. Gurbin da aka saya haƙƙin wani yaro ne wanda wataƙila uwarsa ta fi mu kuka a gaban Allah. Haka kuma muna gargaɗin ɗalibin da amsa ta zo masa ba yadda yake so ba, ya ɓoye wa iyayensa yana ci gaba da karɓar kuɗinsu da sunan ana kan hanya. Kunyar wuni ɗaya ta fi sauƙi a kan cin amanar shekara guda.

Na biyu, jira bai hana shi ibada da harkokinsa ba. Abokansa biyu sun zauna a gida suna kuka, shi kuwa da yake ya fi su ƙuruciya yana fita sallar jam'i, yana kewaya kasuwa, ko da yake babu mai ce masa uffan. Mu kuwa mun ga yaran da jira ya mayar da su kamar majinyata: ba gona, ba makarantar allo, ba barcin kirki, sai waya. Ya kai ɗanmu, duba akwatin saƙonka sau ɗaya da safe sau ɗaya da yamma ya wadatar, domin yawan dubawa ba ya gaggauta abin da ba a aiko ba. Ɗauki hauyarka ka bi mahaifinka, gero da wake ba sa jiran jami'a. Zauna gaban malami ka gyara karatun Alƙur'aninka, ka sake bitar Ahalari da Ishmawi, domin idan ka shiga birni ba lalle ka sami irin wannan dama ba. Ka koya wa ƙannenka lissafi. Waɗannan watanni suna cikin rayuwarka, kuma za a tambaye ka a kan abin da ka yi da su.

Na uku, ba kowace wasiƙa ce alheri ba. Ana cikin wannan hali sai ga wani baƙo daga Sham ya zo Madina sayar da abinci, yana cigiyar Ka'abu, ya miƙa masa wasiƙa daga sarkin Gassan. Sarkin yana kiransa ne ya bar wurin da aka ƙaurace masa ya koma can a girmama shi. Ka'abu ya karanta, ya gane wannan ma jarrabawa ce, sai ya jefa ta cikin tanderu. Irin wannan wasiƙa tana zuwa wa ƴaƴanmu a yau. Akwai saƙon da ke cewa an ba ka gurbi a ƙasar waje a makarantar da ba ka taɓa nema ba, ka aiko da kuɗi kafin gobe. Wannan zamba ce. Kada a tura ko dala sai an tabbatar daga ofishin makarantar ko daga hukumar da ke kula da al'amarin, kuma a nuna saƙon ga wanda ya fi mu sanin hanya. Akwai kiran boka da ɗan duba mai buga ƙasa, wanda zai ce ya ga sunan yaro a jerin waɗanda aka ɗauka. Hadisin Muslim ya nuna cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba za a karɓi sallarsa ba har kwana 40, kuma gaibu Allah kaɗai Ya san shi. Akwai kuma kiran masu cewa karatu ba ya ci, a zo a bi hanyar Agadas a tsallaka hamada. Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92 kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da yawa kuma daga yankin Kance na nan jiharmu. Zuciyar da jira ya gajiyar da ita tana saurin amsa kowane kira, don haka a yi hattara.

Na huɗu, sauƙi yana zuwa a lokacin da Allah Ya so. Da asubahin cikar kwana 50, Ka'abu yana zaune a saman ɗakinsa bayan salla, duniya ta yi masa ƙunci, sai ya ji mai kira daga kan dutsen Sal'u yana yi masa bushara. Ya tuɓe tufafinsa biyu ya ba mai busharar tukuici, ya aro wasu ya tafi masallaci. Allah Ya saukar da karɓar tubarsu a aya ta 118 ta Suratut Tauba, ana karanta ta har gobe.

TAWAKKALI BA ZAMAN BANZA BA NE

Tirmizi ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Annabi (S.A.W.) ko ya ɗaure raƙumarsa ne ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umarce shi da ya haɗa biyun. Ɗaure raƙuma a wannan babi shi ne a cika takardu daidai, a kiyaye ranar rufewa, a nemi makaranta fiye da ɗaya, a adana lambar sirrin imel, a kuma duba har ɓangaren da saƙonni ke ɓuya a cikinsa, domin wani an ɗauke shi amma bai gani ba sai da lokaci ya wuce. Bayan wannan sai istihara da addu'a. Hadisin Abu Huraira (R.A.) ya gargaɗe mu cewa ana amsa wa bawa matuƙar bai yi gaggawa ya ce ya roƙa ba a amsa masa ba. Mu roƙi abin da ya fi alheri, kada mu yanka wa Ubangiji sunan makaranta da rana.

GA IYAYE DA JAMA'A

Ya ku iyaye, yaron nan ya fi ku jin zafin jiran, ko da bai faɗa ba. Ku rage yawan tambaya, ku daina gwada shi da ɗan maƙwabci, ku yawaita sa masa albarka, domin addu'arku gare shi karɓaɓɓiya ce. Idan ɗiya ce, kada jinkirin wata biyu ya zama hujjar rufe mata karatu ba tare da shawararta ba. Mu ne muke kukan rashin likitoci da ungozomai mata a asibitocinmu, to daga ina za su fito?

Wanda aka ɗauka ya gode wa Allah, ya sassauta murna a gaban abokinsa da bai samu ba, ya kuma tsarkake niyya, domin ilimi amana ne da za a dawo da shi gida. Wanda bai samu ba kuwa ya sani amsar jami'a ba ita ce hukuncin Allah a kan darajarsa ba. Suratul Baƙara ta karantar da mu cewa mutum yakan ƙi abu alhali shi ne alheri gare shi. Akwai sake nema baɗi, akwai makarantun horar da malamai da na kiwon lafiya da na koyon sana'a. Wajibi ne kuma a kan masu hali da kwamitocin masallatai su duba yaron da aka ɗauka amma kuɗin mota da na rajista suka gagare shi, kada gurbinsa ya salwanta muna kallo.

A ƙarshe muna tunatar da kanmu cewa dukkanmu masu jiran sakamako ne, ranar da za a miƙa wa kowa littafinsa a dama ko a hagu, ba sake zama, ba kamun ƙafa. Allah Ya buɗa wa ɗalibanmu ƙofofin alheri, Ya sanyaya zukatan iyayensu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa mu karɓi littattafanmu da hannun dama. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.