Linzamin da ke Bayan Goshi

Karatu: Farawa 25:29-34, Misalai 25:28, Galatiyawa 5:22-23

Ya ku 'yan'uwa, Isuwa ya komo daga jeji da yunwa, ya sayar wa ƙanensa Yakubu matsayinsa na ɗan fari saboda kwano guda na fate. Ciki ya yi kira, tunanin gobe ya yi shiru. Ina ne wannan tunani ke zaune cikin jikin mutum?

Likitoci sun gane akwai wani sashe na ƙwaƙwalwa daidai bayan goshi, watau gaban ƙwaƙwalwa. Da shi mutum ke shirya aiki, yana auna ƙarshen al'amari, yana danne fushi da kwaɗayi kafin su fito. Shi ne linzamin da Mahalicci ya sa mana.

A shekarar 1848, a jihar Vermont ta Amurka, wani shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa, Phineas Gage, yana danna albarushi cikin dutse da sandan ƙarfe mai tsawon ƙafa 3 da inci 7. Albarushin ya tashi, sandan ya shiga ta kumatunsa na hagu, ya fita ta tsakar kansa. Bai mutu ba, bai kuwa rasa magana ba. Amma likitansa, John Harlow, ya shaida cewa mutumin nan da dā ke da natsuwa ya zama marar haƙuri, mai ashar, marar tsayawa kan shawara guda. Daga baya ya sami sauƙi har ya yi aikin tuƙa keken dawaki a ƙasar Chile. Ya rasu a 1860.

Mu koyi abu uku. Na fari, sashen nan ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Saboda haka iyaye da dattawan ekklisiya su tsauta wa samari da haƙuri, gama ginin ganuwarsu bai ƙare ba tukuna. Na biyu, idan halin ɗan'uwa ya sāke farat ɗaya bayan rauni a ka ko ciwo, kada mu yi gaggawar hukunta shi. Mu kai shi asibiti, mu kuma yi masa addu'a. Na uku, giya da rashin barci suna raunana sashen nan. Littafin Misalai ya kwatanta marar kamun kai da birnin da ganuwarsa ta rushe. Wanda ya sha ya bugu, da hannunsa ya rushe tasa.

Duk da haka, linzami ba ya zaɓar wa doki hanya, sai mahayi. Mai lafiyar ƙwaƙwalwa yana iya shirya mugunta cikin natsuwa. Shi ya sa Bulus ya lissafa kamewa cikin 'ya'yan Ruhu. Allah ya ba mu linzami, sai mu miƙa shi ga hannun Ubangiji Yesu.

Tambayoyi:
1. Me Isuwa ya samu, me kuma ya rasa?
2. Wane kwanon fate ne ke jarabtar samarinmu?
3. Ƙaƙa za mu taimaki ɗan'uwan da ciwo ya sāke halinsa?

Addu'a: Ya Ubanmu, kai ne ka sifanta mu. Ka koya mana tsayawa mu yi tunani kafin mu buɗe baki ko mu miƙa hannu, cikin sunan Yesu. Amin.