Kada Ka Zubar da Sauran Tuwo

Ya kai mai karatu, ko ka shigo hanyar Ubangiji kwanan nan, ko kuwa kana cikin tambaya tukuna, ka taɓa lura da abin da Yesu ya yi bayan da ya ciyar da mutum 5,000 da gurasa biyar da kifi biyu? Sa'anda taron ya ƙoshi, sai ya umarci almajiransa su tattara gutsattsarin da ya rage, har suka cika kwanduna 12. Shi da yake da ikon yawaita gurasa bai yarda a tattake ɓarɓashinta ba.

Mu fa? A shekarar 2011 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta lissafta cewa kusan sulusin abincin da ake nomawa domin mutane ba ya shiga bakin kowa. Wani yakan ruɓe a hanya, kamar tumatirin Kano kafin ya kai Legas. Wani kuwa mai shi ne yakan zubar da hannunsa.

Kada ka ce tuwonka ne, kai ka saya. Gama domin wannan malmala aka sare itatuwa, aka zuba taki, aka ƙona mai a mota, duka a banza. Sa'an nan idan ta ruɓe a ƙarƙashin juji takan fitar da wata iska mai riƙe zafin rana a sararin sama. Masana sun ce abincin da ba a ci ba shi ke jawo kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya. Naman shanu kuwa ya fi gero da wake nauyi nesa ba kusa ba. A ƙasar Barazil yawancin dajin da aka sare makiyayar shanu aka mai da shi. Zafin nan idan ya rikita damina, manomi talaka ne yakan fara shan wuyarsa, shi da bai taɓa zubar da ko loma ɗaya ba.

Ba da mai yunwa nake ba. Da kai nake, wanda kakan dafa fiye da kima ranar biki domin a yabe ka. Ka auna tsaba gwargwadon bakunan gidanka. Tuwon da ya kwana, a yi ɗumame da safe. Tumatir in ya yi yawa, a yanka a shanya. Abin da ya rage a tukunya, ka aika wa gwauruwar da ke bayan gidanka tun bai huce ba.