Rashin Haihuwa: Laifin Wa?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gobir, tun daga Bafarawa zuwa Isa har Sabon Birni, ya san abin da kan biyo baya idan aure ya shekara uku ba a ji kukan jariri ba. Uwar miji ta fara gyaran murya, dangi su shiga tsegumi, kafin a ankara an laƙaba wa matar sunan juya. Sai shan rubutu da jiƙe-jiƙe, a tsallaka Maraɗi wajen mai magani, daga ƙarshe maigida ya ƙaro wata ko ya sallami ta farin. Abin da nake so mu duba, 'yan uwa marubuta, shi ne ko wannan hukunci adalci ne.

Tambayar da jama'a suka fi yi ita ce ko neman haihuwa a asibiti bai zama ja da ƙaddara ba, musamman abin nan da ake kira jaririn kwalba. Yadda ake yinsa shi ne, likita ya ciro ƙwan mace ya haɗa shi da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, bayan 'yan kwanaki ya mayar da shi cikin mahaifarta. An fara haihuwa ta wannan hanya a Ingila a 1978, a Abuja kuma Dokta Ibrahim Wada ya yi nasarar haka a 1998. Ba kowane dashe ke kamawa ba, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba.

Malamai sun daɗe da ba da amsa. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta halatta shi bisa larura, muddin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, ita ce kuma za ta ɗauki cikin. Ta haramta shigowar wani na uku domin kare nasaba. Wani abin da ya shafi masu mace fiye da ɗaya irinmu, majalisar malamai ta Makka ta taɓa yarda a 1984 kishiya ta ɗaukar wa kishiyarta ciki, amma a 1985 ta janye, saboda gudun rikicewar wace ce uwar ɗan.

To, tunda neman magani ya halatta, ina gizo ke saƙa? Yana saƙa ne a wajen maza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar matsalar haihuwa a rayuwarsa, likitoci kuma sun nuna cewa a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa, namiji na da hannu. Hangum da ya kama mutum bayan balaga na iya raunana maniyyinsa alhali ƙarfinsa na nan daram. Ciwon sanyi da miji ya ɗauko a waje na iya toshe wa matarsa hanyar ƙwai. Alhali kuwa awon namiji ya fi na mace sauƙi da araha, ana kuma yinsa a asibitin koyarwa na Sakkwato. Amma sau nawa muka ga maigida ya miƙa kansa? Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hangi na wani.

A ganina, mijin da ya saki mace a kan rashin haihuwa bai je an auna shi ba, ya zama alƙalin da ya yanke hukunci ba shaida, a shari'ar da shi ma ake tuhumarsa. Wanda kuma ya ce ƙaddara ce idan aka zo kansa, bai kamata ya mance da ƙaddara idan aka zo kan matarsa ba.

Mu ma marubuta da namu kason. Littattafanmu cike suke da juya mai baƙin ciki da kishiyar da ta ɗaure mahaifa da asiri. Lokaci ya yi da za mu rubuta mijin da zai ce wa mahaifiyarsa, "Inna, a fara da ni." Allah ya ba masu nema zuri'a ɗayyiba, amin.