Fatawa: Ciki Ya Sauya Mata Launin Fata, Dangin Miji Sun Ce Albaras Ne

Tambaya: Wata baiwar Allah mai cikin wata 6 ta rubuto cewa kumatunta da goshinta sun yi duhu, baƙin layi ya fito mata daga cibiya zuwa mara, ga kuma fararen tabo a wuya da ƙirji. Surukarta ta ce albaras ne, har an fara zancen mayar da sadaki. Wata ƙawarta kuma ta kawo mata man bilicin. Mene ne hukunci?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Kafin hukunci sai an san abin da ake hukuntawa. Duhun fuskar nan, wanda likitoci ke kira melasma, sananne ne ga masu juna biyu, musamman baƙar fata. Sinadaran da ciki ke ƙarawa a jini ne ke zaburar da ƙwayoyin launi, zafin rana kuma ya ƙara masa ƙarfi. Yawanci yakan dushe cikin watanni bayan haihuwa, haka ma layin cibiya.

Fararen tabon ne ke buƙatar idon likita. Sau da yawa ƙyasbi ne, mai son gumi, wanda ke fitar da ɗan gari idan an kankare shi. Albaras na gaskiya fari ne fat, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Tabon da aka taɓa ba ta ji ba, shi ne ake yi wa gwajin kuturta, wadda maganinta kyauta ne. Ta nuna wa ma'aikatan asibiti ranar awo.

To, a ɗauka ma albaras ɗin ne. Gaskiya ne Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya lissafa shi a Risala cikin aibobi 4 da ake mayar da mace saboda su, tare da hauka, kuturta da ciwon farji. Sai dai Muhtasar na Halil da masu sharhinsa sun fayyace cewa wannan zaɓi na aibin da ya riga ɗaurin aure ne, wanda miji bai sani ba, bai kuma yarda da shi ba bayan ya sani. Abin da ya sami mace bayan aure jarrabawa ce da ta faɗa wa miji. Ba shi da ikon warware auren da wannan hujja. Sadaki kuwa ya tabbata nata tun da aka tare. Abin da surukai ke mantawa: a mazhabar Malikiyya mace ce ke da zaɓi idan mijinta ya kamu da albaras mai tsanani bayan aure. Kuma alƙali ke yanke irin wannan shari'a, ba uwar miji ba.

Neman magani halal ne. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci Arfaja bin As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab, ya sa hancin zinare. Mayar da fata yadda take daban ne da sauya halitta da aya ta 119 ta Suratun Nisa'i ta zarga. Amma man bilicin na kasuwa yakan ƙunshi makuri, wanda ke ratsa mahaifa ya kai ga ɗan tayi, ko haidurokwinon, wanda likitoci ke hana masu ciki. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansu.

Ga mai shafa mai ko hoda kuwa, batun alwala da sauƙi: man da fata ta shanye ba ya hana ta, amma hoda mai kauri da ke tare ruwa sai an cire.

Hukunci: aure yana nan, sadaki nata ne, shafa man bilicin mai cutar da ciki haramun ne. Ta kare fuskarta daga rana, ta bi abin da likita ya rubuta mata. Allah ne Mafi sani.