Ɗan Yaye a Kan Hanyar Biɗa: A Tafi da Shi ko a Bar Shi?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya sanya hanyoyi a cikinta, Ya rarraba arzikin bayinSa tsakanin gida da waje. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, babu mai gaya wa mutumin Adar abin da ake kira biɗa. Da zarar dammunan gero sun shiga rumbu, sai ka ga tashoshin Buza da Madawa da Keita sun cika da maza, daga Tama da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Wasu sun nufi kurmi, Abijan ko Kumasi ko Legas ko Duwala, wasu kuma sun nufi arewa, Libiya ko Aljeriya. Iyayenmu sun yi wannan tafiya, kakanninmu ma sun yi. Sai dai a da yawancinta cin rani ne, mutum ya fita da kaka ya komo da bazara kafin a yi shuka. Yanzu da yawa sun zama mazauna can, su yi shekara biyu ko uku ko fiye ba su leƙo gida ba. Daga nan ne tambaya ta taso wadda ta shiga gidaje masu yawa: mutumin da yake da mata da ƙaramin yaro, wanda ko bakinsa bai gama buɗewa ba, ya ɗauke su ya tafi da su, ko kuwa ya bar su a gida?

Idan aka zauna shawara a kan wannan, akan duba kuɗin mota, a duba abin da iyayen miji suke so, wani lokaci a ji ta bakin matar. Mutum ɗaya ne ba a tambaya, kuma shi ne nauyin hukuncin ya fi sauka a kansa, wato yaron. Ba ya iya cewa na yarda, ba ya iya cewa na ƙi. Duk inda aka sa shi nan zai zauna. Saboda haka wajibi ne a kan iyaye su zama su ne bakinsa, su auna tafiyar da ma'aunin amfaninsa kafin su auna ta da nasu, domin amana ce Allah Ya ba su, kuma Manzon Allah (SAW) ya sanar da mu cewa kowane mai kiwo za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Da farko ya kamata mu sani cewa tafiya da iyali zuwa wata ƙasa ba abin zargi ba ce a addini. Annabi Ibrahim (AS) ya ɗauki Hajara da jaririnta Isma'il ya kai su kwarin Makka da umurnin Ubangijinsa, ga shi har yau alhazai suna kai da komo tsakanin Safa da Marwa suna tuna uwar da ta yi gudu tana nema wa ɗanta ruwa. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha da yawansu da matansu suka tafi, a can ne Asma'u ƴar Umaisu ta haifa wa Ja'afar ɗan Abu Ɗalib (RA) ƴaƴansa. Amma labarin da ya fi kusa da maganarmu shi ne na Ummu Salama (RA). Lokacin da mijinta ya ɗora ta a kan raƙumi da ɗansu Salama don su yi hijira zuwa Madina, danginta suka tare hanya suka ƙwace ta, dangin mijin kuma suka ce ba za su bar ɗansu a hannunsu ba. Aka yi ta jan yaron tsakanin ɓangarorin biyu har hannunsa ya goce. Miji ya wuce Madina, mata tana hannun danginta, ɗa yana hannun dangin uba, aka yi kusan shekara a haka tana kuka. Da aka sake ta aka mayar mata da ɗanta, ta rungume shi ta fita ita kaɗai, sai Allah Ya haɗa ta da Usmanu ɗan Ɗalha a Tan'im, a lokacin bai ko musulunta ba, ya ja akalar raƙuminta har Ƙuba. Mai hankali ya lura: manya ne suka yi jayayya, hannun yaro ne ya goce. Haka abin yake har gobe a duk gidan da aka mayar da ƙaramin yaro abin ja-in-ja tsakanin miji da surukai.

To, idan tafiya ta halatta, da wane sharaɗi? Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan ba. A babin reno, cikin Muhtasar na Shehu Halilu, an yi magana a kan uban da zai ƙaura da ɗansa zuwa gari mai nisa, aka gindaya masa sharuɗɗa biyu: hanyar ta kasance amintacciya, garin da za shi ma ya kasance amintacce. Mu ɗauki waɗannan biyun mu auna tafiye-tafiyenmu da su.

Sha'anin hanya shi ne na farko. Jikin ƙaramin yaro ba kamar na babba ba ne, ruwan jikinsa yana saurin ƙarewa. Zafin da zai sa babba ya yi ƙorafi kawai, ko zawo na yini guda, yana iya kai yaro ga halaka. Wanda ya bi hanyar Tawa, Abalak, Agadas, Arlit ya san abin da ake nufi. A watan Oktoba na 2013 aka tsinto gawarwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ruwansu ya ƙare. A cikinsu 52 yara ne, 33 mata, 7 maza, yawancinsu daga yankin Kance a jihar Damagaram. Ƙasa ta yi makokin kwana uku. Babu ko ɗaya daga cikin yaran nan da ya zaɓi wannan hanya. Wanda kuma ya tsallake ya isa, ba shi da tabbacin zama, domin hukumomin Aljeriya sun sha kwaso mutane su sauke su a bakin iyaka, su taka kimanin kilomita 15 cikin rairayi kafin su kai Asamaka. Duk wanda ya san haka, sa'an nan ya goya wa matarsa yaro ya sa su a wannan hanya yana cewa ya dogara ga Allah, to ya manta cewa Annabi (SAW) ya umurci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa tukuna sa'an nan ya yi tawakkali.

Ko hanyar kurmi, wadda take da kwalta da garuruwa, tana da nata haƙƙi. Tafiya ce ta kwanaki cikin mota cike da jama'a, da tsayawa a shingaye da iyakoki. Kafin a tashi a tabbatar yaro ya samu alluransa na rigakafi, musamman na ƙyanda da shawara waɗanda ake yi tun yana wata tara, a riƙe katin, domin ƙasashe kamar Kodebuwa da Gana suna neman shaidar rigakafin shawara. A yi guzurin ruwa mai tsabta, da ƙunshin garin gishiri da sukari na maganin zawo, da gidan sauro. Mai shayarwa kada ta yaye ɗanta don sauƙin tafiya; Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu ga mai son cika shayarwa, kuma nono shi ne abincin da ƙurar hanya ba ta taɓawa. Su kuma abokan tafiya su ji tsoron Allah game da kukan yaro. Manzon Allah (SAW) yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, ya ji kukan yaro, sai ya taƙaita don tausayin uwarsa. Idan salla ta yi wa kukan yaro rangwame, ina dalilin fasinja na tsawa da harara?

Na biyu shi ne masauki. Aminci ba rashin yaƙi kaɗai ba ne. Ɗakin da samari takwas suke kwana karɓa-karɓa a Ajame ba wurin ajiye mata da yaro ba ne. Wanda bai kai ga kama ɗaki na kansa ba, bai kai ga kiran iyali ba. Sai kuma takardu. A Kodebuwa, tun 1972, haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta sa ɗan baƙo ya zama ɗan ƙasa. Uban da bai yi wa ɗansa takardar haihuwa ba, bai kuma kai sunansa ofishin jakadancin Nijar ba, ya bar shi tsakiya, can baƙo ne, gida kuma babu shaidarsa. Kada kuma a manta cewa zaman baƙunci ba shi da tabbas. Gana ta kori baƙi a 1969, Nijeriya ta yi haka a 1983, rikicin Kodebuwa na 2002 da na 2010 zuwa 2011 ya taɓa ƴan'uwanmu, yaƙin Libiya na 2011 ya maido dubbai gida hannu wofi. Mai iyali a waje ya riƙa ajiye kuɗin komowa kamar yadda yake ajiye kuɗin haya.

A cikin amincin masauki har da amincin tarbiyya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a shekarun nan na farko yaro yake ɗaukar harshe da ɗabi'a. Mutanenmu na da da suka kafa zanguna a Kumasi da Ankara da Yawunde sun gane wannan, shi ya sa duk inda suka sauka sukan fara da masallaci da makarantar allo. Mai zama a waje ya yi wa ɗansa Hausa a cikin ɗaki, ya gaya masa sunan garinsu da na kakanninsa, ya kawo shi gida ya ga dangi, don kada ranar da ya zo Tama ya tsaya gaban kakarsa ana yi musu tafinta.

Wani zai ce, to ai shi ke nan, barin su a gida ya fi. Wannan ma yana da nasa hisabi. Lokacin da aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, da taimakon Italiya, mata ne suka fi yawa a wajen ɗaukar duwatsu da dashen itatuwa, saboda maza suna biɗa. Wannan abin yabo ne ga matan Adar, kuma abin tunani ne ga mazansu. Matar da aka bari ita ce uwa, ita ce uba, ita ce mai noma, sau da yawa kuma abin da aka aiko ba hannunta yake faɗawa ba. Sayyidina Umar (RA) ya tambayi ƴarsa Hafsa iyakar haƙurin mace ba tare da mijinta ba, sa'an nan ya hana a riƙe mayaƙa a fagen fama fiye da ƴan watanni. Idan mai jihadi an sa masa wa'adi, mai talla a Abijan ba shi da hujjar shekara huɗu. Ciyarwa da tufatarwa da magani suna kan uba ko yana ina, nisa ba ya sauke su. Yau ga wayar hannu a kowane ƙauye, ga hanyoyin aiko da kuɗi cikin yini guda, uzurin shiru ya ƙare. Yaron da ya buɗe ido bai san fuskar ubansa ba, har ya ɓuya bayan uwarsa ranar da uban ya dawo, an tauye masa wani abu da tsaraba ba ta biya.

Akwai kuma wata tafiya da ba ta da wata fuska ta halacci, ita ce ɗaukar yaro don a yi bara da shi. A watan Maris na 2022 sai da gwamnati ta aika jirage Dakar aka kwaso ɗaruruwan ƴan ƙasarmu da ke bara a titi, da yawansu yara ƙanana. Wadda ta zaunar da ɗanta cikin rana don masu wucewa su tausaya, da mijin da ya zauna gida yana jiran abin da za a aiko, da wanda ya ba da aron ɗansa don a raba riba, duk sun juya al'amari: ɗan da aka wajabta musu ciyarwa sun mayar da shi mai ciyar da su.

Ba mu jahilci abin da ke korar mutane daga gida ba. Wanda ya ga 1984 ko 2005 ya san yadda rumbu yake ƙarewa tun kafin tsakiyar rani, kuma ba kowa ke da garkar albasa a fadama ba. Mai ƙoshi bai kamata ya yi wa mai yunwa wa'azi da izgili ba. Sai dai talauci uzuri ne ga babba ya jefa kansa cikin wahala don iyalinsa, bai zama uzuri ba a jefa wanda ba ya iya kare kansa. Nan ne nauyi yake dawowa kan jama'a. Da zakkar hatsi da ta dabbobi tana fita yadda Allah Ya ce, tana isa ga masu ita a cikin gari, da mata da yawa ba su kama hanya da goyo ba. Limamai da masu gari su san gidajen da mazansu suka yi nisa, su bincika halinsu. Ƴan biɗa da Allah Ya buɗa wa a waje su tarbi mai iyali, su nema masa masauki na mutunci, su kuma gaya wa na gida gaskiyar halin da ake ciki, su daina aiko da hotunan ƙarya.

Saboda haka, ɗan'uwa mai shirin tafiya, kafin ka yanke shawara ka zauna da matarka, ka yi istihara, ka tambayi kanka: hanyar nan, zan yarda a bi da ni a kanta ina ɗan shekara biyu? Ina da wurin da zan sauke su? Idan na bar su, wa zai tsaya musu, kuma yaushe zan dawo? In hanya da masauki sun aminta, tafiya da iyali ta fi, domin yaro ya tashi gaban uwa da uba shi ne asali, kuma ya fi tsare miji da mata daga fitina. In ba su aminta ba, ka bar su cikin dangi, ka bar musu abinci, ka sa wa kanka ranar komowa, ka cika ta.

Allah Ya kiyaye matafiyanmu a tudu da hamada, Ya maido su gida lafiya da halal. Allah Ya raya mana zuriyarmu a kan Musulunci, Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu sauke amanar da Ya ɗora mana kafin ranar da za a tambaye mu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.