Tsakanin Wuƙa da Ruwan Gishiri

A yawancin gidajenmu, idan kare ya faɗa wa kaji, kalmar farko da ake ji bayan ihun yara ita ce wuƙa. "A kawo wuƙa kafin ta mutu!" Ba mai tsayawa duba inda haƙori ya shiga. Tsere ake yi da lokaci, kada kaza ta zama mushe a yi biyu babu, ba kaza ba nama. Ni ban ga laifin wannan hanzari ba. Kazar gida galibi ta mace ce ko ta yaro, ita ce asusun da ake fasawa ranar da aka ce a kawo kuɗin jarrabawa, ko baƙo ya sauka ba shiri. Wanda bai taɓa ƙirga 'yan tsakinsa da magariba ba shi ne zai yi saurin kiran wannan rashin imani.

Abin da ke damuna shi ne wace kaza wuƙar take zuwa wa, wace kuma ake hana wa.

Aya ta 3 a Suratul Ma'ida ta lissafa dabbobin da ba a ci, ciki har da wadda naman daji ya kama, sannan ta cire wadda aka riska da rai aka yanka. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ƙara bayani bisa mazhabar Malikiyya: idan raunin ya kai inda dabbar ba za ta rayu ba, yanka ba ya halatta naman. Malaman mazhabar sun ƙidaya irin waɗannan raunuka, kamar tsinkewar laka, tarwatsewar ƙwaƙwalwa, zubowar kayan ciki da hudewar hanji. Akwai malaman da suka sassauta, suka ce muddin da sauran rai yanka ya wadatar, amma ra'ayin farko ne ya fi zama a kunnuwan mutanenmu.

To dubi abin da muka mayar da wannan hukunci a aikace. Kazar da kare ya yage wa fatar baya kawai, wadda da an wanke ta an killace ta mako biyu za ta koma tonon ƙasa, ita ake rugawa a yanka, domin namanta zai ciwu. Wadda kuwa ya farke wa ciki, wadda ba abin da ya rage mata sai azaba, sai a ce ai ta riga ta haramta, a kama ta ta ƙafa a wurga juji tana numfashi, cinnaku su ƙarasa aikin. Wato wuƙa tana gaggawar zuwa wurin wadda ba ta buƙatarta, tana ƙin zuwa wurin wadda ba ta da sauran gata sai ita. Hukuncin kuwa magana yake a kan abin da zai shiga tukunya, bai ce a bar dabba ta daɗe tana shan wuya ba. Su kansu malaman Malikiyya sun ambaci halascin yanka dabbar da ba a ci ma, kamar jaki, idan an fidda rai da ita, don kawai a hutar da ita.

Akwai kuma hanya ta uku, wadda ta fi sauran biyun yawa, wato "a bar ta mu gani". Ba a yanka ba, ba a yi magani ba, an dai tura ta ƙarƙashin rumbu ko bayan murhu, kowa ya koma harkarsa. Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma a can mun san abu ɗaya sarai: idan mai amfani da manhaja bai zaɓi komai ba, akwai abin da manhajar za ta aikata da kanta, kuma wani ne ya zauna ya rubuta shi. Rashin zaɓi ba ya tsayar da komai. A tsakar gida, abin da aka rubuta wa kazar da aka bari shi ne ƙuda, ruɓa da bakin 'yan'uwanta. Matar nan da hadisin Bukhari da Muslim ya ce ta shiga wuta saboda kyanwa, ba a ce ta doke ta ba. Tsare ta ta yi, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba.

Abin da ke sauƙaƙa mana wannan sakaci shi ne shirun kaza. Akuya tana kuka har maƙwabta su leƙo, ita kuwa kaza sai ta lafe, ta kumbura gashi, ta lumshe ido. Halin dabbar da ake farauta ke nan, wadda ta nuna rauni ita shaho yake fara ɗauka. Amma a shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Bristol ta Ingila sun ajiye wa kaji abinci iri biyu, ɗaya da maganin ciwo a ciki, ɗaya babu. Kajin da ke ɗingishi sun fi lafiyayyun cin mai maganin, kuma tafiyarsu ta gyaru. Dabbar da ke neman maganin ciwo da kanta ba sai an yi doguwar muhawara kan ko tana jin zafi ba. Tun 1789 Jeremy Bentham ya ce abin tambaya game da dabba shi ne ko tana shan wuya, ba ko tana da hankali ko magana ba. Ba mu buƙaci Bature ya koya mana wannan ba, sai dai wani lokacin abin da ka sani tun kana yaro yakan so a sake faɗa maka shi da wata murya.

Jinyar kaza kuwa ba ta da wuyar da ake zato. Da farko a raba ta da sauran, a sa ta a kwali ko ƙarƙashin kwando, wuri mai ɗumi da duhu, a bar ta ta dawo hayyacinta, domin firgici kaɗai yana kashe kaza. Killacewar dole ce, saboda kaji suna bin ja da tsattsaga, da sun ga jini ba sa barin wurin. Hausawa na cewa a bar kaza cikin gashinta, amma a nan ne kawai karin maganar ba ta aiki: haƙorin kare yana barin ƙaramar huda a sama da mummunar ɓarna a ƙasa, kuma gashi yana ɓoye su. Sai an bi jikin a hankali, ƙarƙashin fukafukai, gindin wutsiya, cinyoyi, a rage gashin da ke kewaye da raunin da almakashi. A wanke da tafasasshen ruwan da ya huce, ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin lita, sannan a shafa aidin ko shuɗin maganin nan na kemis da ake kira GV, wanda ke kuma rufe jan da ke jawo tsattsaga. Baƙin mai da toka ba magani ba ne, datti ne a kan datti. A lulluɓe kwalin da tsohon gidan sauro, domin ƙwan ƙuda yana iya zama tsutsa cikin yini guda a zafinmu. Ruwa kuma a tsoma mata baki ta sha da kanta, kada a ɗura, domin ƙofar numfashinta tana nan a gindin harshe. Bayan kwana biyu ko uku wurin da ya ƙuje yakan koma kore, mutane su ce ya ruɓe su yar da ita, alhali haka kwantaccen jini yake komawa a jikin kaza. Wari da mugunya su ne alamar ruɓa. Mai jinyar ma ya kula da kansa: yawun kare yana jikin gashin, mai ciwo a hannu kada ya taɓa, kowa kuma ya wanke hannu da sabulu. Idan karen ya ciji mutum, wannan maganar asibiti ce nan take saboda ciwon haukan kare.

Na san abin da wani zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. A gidan da ake raba ƙwayar maganin zazzaɓi biyu don ta kai gobe, wa zai kai kaza wurin likitan dabbobi? Ban ce a kai ta ba. Idan jinyar ta fi ƙarfin gida, ko ana buƙatar naman, yanka da wuƙa mai kaifi cikin gaggawa amsa ce mai mutunci, ba abin kunya a ciki. Har ma akwai lissafin da ke goyon bayansa: kazar da aka bai wa maganin kashe ƙwayoyin cuta ba a cin ƙwanta ko namanta sai bayan wasu kwanaki, kuma idan ta mutu a tsakiyar jinya an yi asarar duka. Wanda ya auna wannan ya zaɓi wuƙa ya sauke nauyinsa. Wanda talauci ba zai wanke ba shi ne mai "bari mu gani", domin gishiri da kwali ba su fi ƙarfin kowa ba, wuƙa ma haka.

Wata tambayar ta fi wannan kaifi. Me ye amfanin jinyar dabbar da za ka yanka da Sallah? Ai sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Gaskiya ne, kuma ba na cikin masu ganin cin kaza zunubi. Amma sanin ƙarshen abu ba ya shafe tsakiyarsa, in ba haka ba da ba a ba ragon layya ruwa. Kuma mu ne muka sa kaza a inda kare ya same ta. Mu muka saba mata da tsaba a tsakar gida, muka rufe ta a akurki mai ƙofa ɗaya, wasu ma muka fige mata fiffike don kada ta haura katangar maƙwabta. Zabuwar daji da ta hango kare sai ta tashi sama. Kazar gida mun karɓe mata wannan dabara, muka ba ta alkawarin tsaro a madadinta. Ranar da tsaron ya karye, bashin yana kanmu, ko da kwana uku ne suka rage mata a duniya.

Shi kare ba shi da shari'a, abin da aka halicce shi da shi ya yi. Mai shi ne ke da tambayar amsawa, kuma biyan diyya haƙƙi ne da bai kamata a ji nauyin nema ba. Sai dai a nema bayan an gama da kazar. Sau da yawa ana ƙofar gida ana cacar baki kan nawa za a biya, ita kuwa wadda ake rigimar a kanta tana kwance a rana.

Jinkirin da ya fi ba ni takaici na al'ada ne. Kare yakan shigo da hantsi, lokacin da maza suka fita, sai a ajiye kaza mai farkakken ciki a jira maigida ko wani almajiri ya zo ya yanka, wai mace ba ta yanka. Bukhari ya ruwaito labarin baiwar Ka'abu bin Malik da ke kiwon tumakinsa, ta ga wata na shirin mutuwa, ta fasa dutse ta yanka ta da shi, aka tambayi Annabi (SAW) ya ce a ci. Mai kazar tana tsaye a kanta tun ƙarfe goma, wuƙar tana madafi, maigida kuwa sai bayan la'asar zai dawo.