Gidan Mai Ƙaramin Albashi: Haƙƙi Ne Ko Alfarma?

Duk wanda ya taɓa fitowa bakin titi a nan Gauraka bayan sallar asuba ya san abin da zan faɗa. Gari bai gama wayewa ba amma wurin ya cika: malaman makaranta, ma'aikatan jinya, direbobin ofis, 'yan sanda, masu gyaran wuta da famfo, kowa na neman motar da za ta bi da shi ta gindin Dutsen Zuma, ta Madalla da Zuba, ta Dei-Dei da Kubwa, har cikin Abuja. Da dare su dawo a gajiye, wasu sai bayan isha'i, yara sun riga sun yi barci. Su ne ke riƙe da babban birnin ƙasa da rana, amma birnin ba shi da ɗakin da zai ba su su kwana.

Ɗaya daga cikinsu maƙwabcina ne. Shekararsa goma sha bakwai yana aikin gwamnati, yana da 'ya'ya biyar, yana haya a ciki da falo. Kwanan baya mai gidan ya aiko masa da ƙarin kuɗi, kuma na shekara guda cur ake so a dunƙule. Muna zaune a ƙofar masallaci ya ce mini: "Malam, ni fa ban kai talaucin da za a ba ni zakka ba, ban kuma kai ƙarfin da banki zai saurare ni ba. To wai ina bin gwamnati bashin wurin kwana ne, ko in ta ba ni alfarma ta yi mini?" Tambayar nan ta fi ƙarfin hirar ƙofar masallaci, shi ya sa na kawo ta nan.

Akwai masu cewa gida aikin magidanci ne, gwamnati ba uban kowa ba ce. Suna cewa iyayenmu da kakanninmu ba su jira kowa ba: mutum ya je wurin mai unguwa a nuna masa fili, ya kwaɓa ƙasa, ya kira gayya, kafin damina ya shiga ɗakinsa. Maganar nan tana da nauyi, ban raina ta ba. Wanda ya naɗe hannu yana jiran a miƙo masa makulli zai tsufa a gidan haya, kuma dogaro da kai mutunci ne.

Sai dai a duba abin da ya canza. A da fili yana hannun al'umma, kayan gini kuma suna ƙarƙashin ƙafar mutum. A 1978 aka yi dokar amfani da ƙasa, wadda ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana saboda jama'a. Daga ranar nan, takardar da banki da kotu suka fi girmamawa a kan fili daga hannun hukuma take fitowa. Wanda ya karɓi amanar ƙasa kuwa ba zai juya ya ce wa mai neman wurin kwana "ba ruwana" ba. Tsarin mulkin 1999 ma, a sashe na 16, ya lissafa samar wa 'yan ƙasa matsuguni mai kyau cikin manufofin da hukuma za ta sa a gaba. Gaskiya ne babin da wannan sashe yake ciki ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa. Amma alkawarin da alƙali ba zai tilasta ba, ai bai fita daga zama alkawari ba.

Mu a nan muna da ƙarin hujja, domin cunkoson da muke ciki ba daga sama ya faɗo ba. A watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birni. Tsohon garin Abuja, wanda Abu Ja ya kafa a 1828, ya ba da sunansa, masarautar ta ba da ƙasa mai yawa, garin ya koma Suleja. A Suleja ma'aikatan farko na hukumar gina birnin suka yada zango, unguwar Field Base tana nan shaida. Ran 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta tare a Abuja. Daga baya, zamanin Obasanjo, aka daina bai wa ma'aikata gidan zama aka mayar da shi kuɗi a albashi, aka sayar da gidajen gwamnati, sannan rusau na zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan birnin, tsakanin 2003 da 2007, ya tashi unguwannin marasa ƙarfi da dama. Ina mutanen suka nufa? Mararaba da Masaka ta ɓangaren Nasarawa, Madalla da Suleja da Gauraka ta ɓangarenmu. Wanda ya sako ruwa daga tudu, shi ya kamata ya haƙa masa hanyar bi.

To, in mun yarda akwai bashi, wane iri ne? A nan gwamnatoci suka sha yin tuntuɓe, saboda sun ɗauka bashin yawan gine-gine ne. Shugaba Shehu Shagari ya yi niyyar gina gida 2,000 a kowace jiha duk shekara. Niyyar mai kyau ce, kuma har yau akwai unguwannin da ake kira da sunansa a garuruwa da yawa. Amma abin da aka kammala bai ko kusa da abin da aka tsara ba, wasu rukunan kuma an kai su bayan gari inda babu ruwa babu hanya, suka daɗe babu kowa a ciki. A lokaci guda Lateef Jakande a Legas ya gina dubban gidaje masu sauƙin kuɗi, tare da makarantu, kuma ƙananan ma'aikata suka shige su. Wannan ya nuna abin yana yiwuwa idan an fara da tambayar wa zai zauna a ciki, kuma nawa yake samu a wata.

Bari mu yi wannan lissafin da kanmu. Tun 1992 akwai asusun gidaje na ƙasa, inda ake cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya kuma ya ba da rance a kan kashi 6 cikin ɗari, a biya har tsawon shekara 30. A kan wannan sharaɗi, kowace naira miliyan ɗaya tana cin kusan naira 6,000 a wata. A Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu ya aza harsashin gidaje 3,112 a Karsana, cikin Abuja. A shekarar ce ministan gidaje, Ahmed Musa Dangiwa, ya bayyana cewa gida mai ɗakin kwana ɗaya da aka gina da kuɗin kasafi yana kamawa naira miliyan 8 zuwa 9, wanda aka gina da kuɗin 'yan kasuwa kuwa wajen miliyan 22. Kun ga na miliyan 9 zai ci kusan naira 54,000 a wata, na miliyan 22 kuma wajen 132,000. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ko mai ɗaukar 150,000, in ya ware kashi ɗaya cikin uku, da ƙyar zai kama mai ɗaki ɗayan, ga shi da 'ya'ya maza da mata da suka fara girma. Idan kuma shekara 15 kaɗai ta rage masa ya yi ritaya, kuɗin watan zai haura 75,000. Ga kuɗin mota da ya ninninka tun cire tallafin mai a Mayun 2023, ga kuma da yawanmu da zuciyarsu ba ta kwanta da rance mai kuɗin ruwa ba. Saboda haka duk lokacin da kuka ji an ce "gidaje masu araha", ku tambaya: araha ga wa?

A ganina, bashin da mai ƙaramin albashi yake bin hukuma abu uku ne, kuma duka sun fi gina masa gida sauƙi.

Na farko shi ne fili mai tsari da takarda. Ku duba yadda muke gini a zahiri: mutum ya sayi fili, bana ya buga bulo ɗari biyar, baɗi ya kai linta, in ya ɗauki adashi ya sa kwano, ya tare tun ba a yi filasta ba. Haka akasarin gidajen unguwar nan suka tashi. Mutanenmu sun iya gina ɗaki. Abin da mutum ɗaya ba zai iya ba shi ne yanka titi, fitar da magudanar ruwa, ware wurin makaranta da asibiti da maƙabarta, da kawo ruwa da wuta. Da hukuma za ta riga mutane isa daji ta yi waɗannan, ta sayar da fulotai a farashin da ma'aikaci zai biya kaɗan-kaɗan, da kuɗin rukuni ɗaya na gidaje ya wadatar da iyalai ninkin-ba-ninkin. Tun ran gini ran zane. Inda ba a yi ba, sai awon igiya: lungun da motar kashe gobara ba ta shiga, gida a kan hanyar ruwa. Ba mu manta ambaliyar Yulin 2017 ba, wadda ta ci rayuka da gidaje a yankin Suleja.

Na biyu, rance da ya dace da irin gininmu: kuɗin rufi, kuɗin ƙarin ɗaki, a biya daga albashi ko ciniki, tare da hanyar da babu kuɗin ruwa ga mai so. Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai an sauƙaƙa samun takardar shaidar mallaka, domin da yawanmu abin da ke hannunmu takardar ciniki ce da sa hannun shaidu, banki kuma ba ya karɓar ta jingina.

Na uku, adalci wajen rabo. Gidan da aka gina da kuɗin jama'a saboda mai ƙaramin ƙarfi, in ya faɗa hannun mai gida huɗu don ya san wani, an zalunci wani bawan Allah da ba zai ma taɓa sanin an zalunce shi ba. A ƙasar Singafo, inda kusan mutum takwas cikin goma ke zaune a gidajen da hukumar gidajensu ta gina tun daga 1960, akwai ƙa'idar wanda ya cancanta da shekarun da dole mutum ya zauna a gidan kafin ya sayar. Doka irin wannan ba ta buƙatar siminti.

Amma 'yan'uwa, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wane ne yake turo katangarsa bulo biyu cikin hanya? Wane ne yake sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, ko ya yanka bakin rafi ya ce fuloti ne? Wane ne jiya yake kuka da mai gida, yau da Allah ya ba shi ɗakuna huɗu ya fi wancan tsanani? Ba baƙi ba ne, mu ne. Mai gida yana da haƙƙin cin moriyar dukiyarsa, siminti ya yi tsada, kowa ya sani. Sai dai neman kuɗin shekara a dunƙule daga mutumin da ake biyansa wata-wata, shi ke jefa shi cikin bashi tun kafin ya kwana a ɗakin. Wanda zai iya karɓar na wata uku-uku ya karɓa, ba zai yi asara ba, kuma ya sauke wa ɗan'uwansa dutse daga ka.

Akwai abin da za mu iya tun yanzu. Masu unguwa da limamai da masu sayar da filaye su zauna da 'yan asalin wurin da muka tarar, a amince cewa duk sabon yanka sai an bar hanya mai faɗi da hanyar ruwa. Masu filaye a layi ɗaya su haɗu su nemi takarda tare, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In 'yan siyasa sun zo neman ƙuri'a, kafin a yi maganar shinkafa a tambaye su: fuloti nawa za ku yanka a wannan yanki, nawa ne kuɗinsa, wa zai samu, kuma a ina za a manna sunayen?

Ga amsar da na bai wa maƙwabcina. Ba ka bin kowa bashin makulli kyauta, ginin ɗakinka yana wuyanka. Amma kana bin hukuma bashin fili mai hanya da takarda, da rancen da albashinka zai ɗauka, da layin da ba za a tsallake ka ba, kuma neman wannan ba roƙo ba ne. Ya yi shiru, sannan ya ce to shi dai yanzu ya shiga adashi, in ya ɗauka zai fara da bulo. Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba kowa inda zai kira nasa.